Tanderun Solda Mai Araha: Mu Saya Ko Mu Dakata?

Laccar da wani ɗalibin fannin injiniyan lantarki ya gabatar wa 'yan ƙungiyar masu sha'awar haɗa na'urori, a ɗakin aikinsu na Tudun Jukun, Zariya



Kwamiti ya ɗora mini nauyin in bincika, in kuma kawo muku bayani a kan injin nan da a ke ta muhawara a kansa tun farkon zangon karatu, watau ƙaramin tanderun lantarki da a ke narka solda a cikinsa don liƙa kayan aiki a jikin fanel. Waɗansu sun ce mu saya yau-yau, waɗansu sun ce asarar kuɗi ce. Kuɗin da a ke maganar kashewa kuwa na karo-karo ne, an tsakuro shi daga kuɗin abincin ɗalibai da albashin ƙananan ma'aikata, saboda haka ya wajaba mu san abin da za mu saya tun kuɗin bai bar hannunmu ba. Kayan da aka yi odarsa daga ƙasar Sin ba a mayar da shi kamar yadda a ke mayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari.

Bari in fara da dalilin da ya sa maganar ta taso, saboda baƙinmu da ba wannan ne fanninsu ba. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar rediyo ya ga kayan cikinta da dogayen ƙafafu na waya, an zura su cikin huji, an liƙe ta baya da ƙarfen solda. Haka iyayenmu masu gyaran rediyo suka koya, haka mu ma muka fara. Amma tun daga shekarun 1980 masana'antu suka koma wani salon, inda a ke ɗora kayan a saman fanel kai tsaye ba tare da huji ba, kayan kuma suka yi ta ƙanƙancewa. Akwai girman da a ke kira 0603, tsawonsa milimita 1.6, faɗinsa 0.8. Akwai 0402, milimita 1 a kan rabin milimita, ƙwayar gero ta fi shi auki. Mai haƙuri da kyakkyawan ido ya kan iya liƙa waɗannan da hannu. Inda gizo ya ke saƙa shi ne wajen ƙwaƙwalwar na'ura ta zamani. Alal misali RP2040, wadda kamfanin Raspberry Pi ya fitar a 2021, faɗinta milimita 7 ne kowane gefe, tana da ƙafafu 56 a kewaye, tsakanin ƙafa da ƙafa milimita 0.4, sa'an nan akwai wata babbar ƙafa a ƙarƙashin cikinta inda bakin ƙarfen solda ba ya kaiwa ko kusa. Ɗalibin da ba shi da hanyar liƙa irin wannan, tilas aikinsa na shekarar ƙarshe ya tsaya a haɗa fanel-fanel ɗin da wasu suka riga suka ƙera, ya ɗaure su da wayoyi kamar kayan miya. Zana fanel ya yi sauƙi yanzu, tun da manhajar KiCad kyauta ce, kamfanoni irin su JLCPCB da PCBWay kuma suna buga shi su aiko. Liƙin ne ya rage mana.

Ga yadda aikin ya ke. Ana samun solda a kwaɓe, watau garin ƙarfe mai laushi ƙwarai da aka cuɗa da wani mai da a ke kira fulaks, wanda aikinsa shi ne wanke tsatsar da ke kan ƙarfe don soldar ta kama. Sai a ɗora sitansil na ƙarfe a kan fanel, a shafa kwaɓin ya shiga ta ramukan, a ɗauke sitansil, a jera kayan da hantsaki, a sa a tanderu. Idan soldar ta narke ta kan ja kowane abu ya daidaita a mazauninsa da kanta, abin gwanin ban sha'awa. A nan in ɗan ratse. Kalmar sinadari da mu ke amfani da ita yau ga duk wani haɗin kimiyya, a tsofaffin ƙamus na Hausa ma'anarta ta farko ita ce abin da maƙeran fari su ke liƙa ƙarfe da shi. Ashe ke nan wannan sana'a tana da sunanta a harshenmu tun kafin lantarki ya zo.

Soldar iri-iri ce, kowace da zafin da ta ke narkewa, kuma duk alƙaluman da zan ambata na ma'aunin Salshiyas ne. Tsohuwar, wadda kashi 63 cikin ɗari kuza ce, 37 dalma, tana narkewa a digiri 183. Tun daga 1 ga Yuli 2006 dokar Tarayyar Turai ta hana dalma a yawancin kayan lantarki, sai masana'antu suka koma kan haɗin kuza da azurfa da jan ƙarfe, wanda a ke kira SAC305, shi kuwa sai ya kai wajen digiri 217 zuwa 220. Akwai ta uku, haɗin kuza da bismut, mai narkewa a 138 kacal.

To, ba a ɗibar fanel a jefa shi cikin zafi kai tsaye. Mai gurasa ta san tanderu yana da lokacinsa, in ya yi zafi fiye da kima bayan ya ƙone ciki ɗanye. Haka nan ma. Ƙa'idar da masu yin kayan lantarki su ke gwada juriyar kayansu da ita, mai lamba J-STD-020, ta ce kada zafi ya hau fiye da digiri 3 a daƙiƙa. Ga soldar da ba dalma, a tsaya tsakanin 150 da 200 na daƙiƙa 60 zuwa 120, don manyan kaya da ƙanana su ɗauki zafi tare, fulaks kuma ya yi aikinsa. Sa'an nan a haura 217, a zauna a sama da shi daƙiƙa 60 zuwa 150. Ƙololuwar da kayan za su jure ita ce 260 ga ƙanana, 245 ga masu kauri. Wajen hucewa kuma kada a sauko fiye da digiri 6 a daƙiƙa. Ina roƙonku ku riƙe abu ɗaya daga wannan lissafi: don soldar ta kwanta sosai ana son zafi ya kai wajen 235 zuwa 245, alhali kayan suna fara lalacewa daga 245 zuwa 260. Ratar da ke tsakanin aiki mai kyau da ɓarna ba ta wuce digiri ashirin da 'yan kai ba. Duk hukuncin da za mu yanke wa tanderu a kan wannan 'yar rata za mu yanke shi.

Injin da a ke magana a kai shi ne T-962, na kamfanin Puhui da ke birnin Tai'an a lardin Shandong na ƙasar Sin. Shi ne ya fi kowane shahara a wajen masu aikin sha'awa a duniya, dalili kuwa araha, domin ya daɗe a kusa da dala 200, ban da kuɗin dako da na kwastan. Dala 200 ɗin nan fa ba ɗaya ba ce da ta da. Kafin Yuni 2023 farashin gwamnati wajen naira 460 ne, a cikin 2024 kuwa dala ta haura naira 1,500. Injin yana cin wat 800, yana da aljihun ƙarfe da a ke jawowa, mai faɗin milimita 180 a kan 235, da 'yar taga ta gilashi a gaba. Fitilu masu fitar da zafi suna sama, akwai fanka ta hucewa, akwai kuma tsare-tsaren zafi guda takwas, shida da suka zo da shi, biyu da mutum zai tsara da kansa. Yayansa T-962A yana cin wat 1,500, aljihunsa 300 a kan 320. A takarda dai babu abin da ya rage.

Amma injin nan ya shekara fiye da goma a hannun jama'a, waɗanda suka kwance shi a ƙasashe dabam-dabam kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan aibobinsa. Biyu daga ciki masu sauƙin gyara ne. An liƙe abin tare zafi na ciki da salatif na takarda, wanda ya ke toyewa ya cika ɗaki da wari, maganinsa a ɓare shi a sa salatif mai jure zafi da a ke kira Kapton. Sa'an nan fenti ya kan shiga tsakanin wayar ƙasa da gangar jikin injin, har ya zama wani sashen ƙarfen bai haɗu da ita ba, maganinsa a kankare fentin a ɗaure, a gwada da mita. Wannan na biyun maganar rai ce, kuma gyaran injin kaɗai bai isa ba in soket ɗin ɗakin ba shi da wayar ƙasa, kamar yadda ya ke a ɗakunan haya da yawa. Kafin mu kawo kowane irin tanderu ɗakin nan, sai mun kafa sandar ƙasa tamu.

Aibi na uku shi ne wanda na ke so mu daɗe a kansa, domin ya fi shafarmu fiye da mutanen da suka gano shi. Tanderun yana auna zafi ne da tamokopul, watau wayoyi biyu na ƙarfe dabam-dabam da aka haɗe bakinsu. Idan bakin ya yi zafi sai su haifar da 'yar ƙaramar wuta, wajen maikurobolt 41 ga kowane digiri a irin wanda a ke kira K. Abin lura shi ne wannan waya ba ta faɗin zafin bakinta. Abin da ta ke faɗi shi ne bambancin da ke tsakanin bakinta da gindinta, inda aka ɗaure ta a jikin na'ura. Saboda haka ma'auni na ƙwarai ya kan auna zafin gindin dabam, ya haɗa lissafi. Injiniyoyin Unified Engineering, waɗanda suka rubuta wa wannan tanderu sabuwar manhaja a 2014 suka sake ta kyauta, sun bayyana cewa na'urar asali ba ta auna gindin sam. Ta ɗauka kawai cewa kullum digiri 20 ya ke.

Jama'a, yaushe rabon ɗakin nan da digiri 20? A watan Maris da Afrilu zafin Zariya da rana ya kan doshi 38 zuwa 40, ƙarƙashin rufin kwano kuwa sai abin da ya ƙaru. Mu ɗauka gindin wayar yana 40. Idan cikin tanderu ya kai 240, bambancin 200 ne, na'urar ta ƙara 20 ɗinta, ta nuna 220. Da ta ga 220 sai ta ce da saura, ta ci gaba da hura wuta har ta ga 240 a fuskarta, alhali a lokacin cikin ya kai 260. Duk 'yar ratar nan da na ce ku riƙe, kuskuren nan kaɗai ya cinye ta. Kuma mahaɗar wayoyin a saman tanderun ta ke zaune, tana ƙara ɗumi da kowane zagaye, watau fanel na uku zai sha zafin da na farko bai sha ba. Da asubar hunturu kuwa, sa'ad da ɗaki ya sauko ƙasa da 20, kuskuren ya kan juya, injin ya nuna ya kai alhali bai kai ba. Tsarin da ya yi wa mutum kyau a Janairu shi ne zai ƙona masa kaya a Afrilu, ya rasa dalili, ya ɗora laifin a kan mai sayar da kayan.

Wannan ma yana da magani. Ana sayen ɗan ma'aunin zafi mai lamba DS18B20, a manna shi a mahaɗar wayoyin, a loda waccan sabuwar manhaja. An rubuta ta ne don ƙwaƙwalwar LPC2134 ta kamfanin NXP, saboda haka a duba lambar da ke jikin ta injin tukuna. Ni a ganina wannan gyara ba na ganin dama ba ne a ƙasarmu. Wanda ba zai yi shi ba, kada ya saya.

Ko an yi shi, da sauran rina a kaba. Wayoyin awon a rataye su ke a sama, iska su ke aunawa, fanel kuwa yana ƙasa. Zafin fitila kamar zafin rana ya ke, baƙin abu ya fi saurin ɗauka, shi ya sa mai baƙar riga ya fi jigata a filin Idi. Baƙar ƙwaƙwalwa za ta yi zafi tun ƙarfe mai ƙyalli yana sanyi, dogon abu kuma ya kan yi wa gajere inuwa. Tsakiyar aljihu ta fi gefe zafi nesa ba kusa ba, don haka wurin da za a dogara da shi bai kai 180 a kan 235 ɗin da aka rubuta ba. In an kwantar da fanel a kan ƙarfen aljihu, ƙarfen ya kan zuƙe zafinsa, shi ya sa masu amfani da injin su ke ɗaga shi a kan gutsattsarin tsohon fanel. Babu manhajar da za ta gyara waɗannan, sai dai mutum ya san halin injinsa ya zauna da shi.

Sai maganar wuta. Da farko injin iri biyu ne, na bolt 110 da na 220, a tabbata an rubuta na 220 a takardar oda. Na biyu, zafin da fitila ta ke bayarwa yana raguwa ne da ninkin raguwar bolt a kan kansa. Idan wutar layi ta sauko daga 220 zuwa 180, abin da ba baƙo ba ne a unguwanninmu da magariba, lissafi ya nuna wat 800 zai koma wajen 535, kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Tanderun zai yi ta ja, ya kasa hawa ƙololuwa a kan lokaci, fulaks ya ƙone tun solda ba ta narke ba, a fito da liƙi mai gari-gari marar ƙyalli. In kuwa aka ɗauke wutar a tsakiyar aiki, fanka ta tsaya, tsari ya rushe, mai yiwuwa a yi asarar kayan da aka yi wata guda ana jira. Ƙaramin janareta irin na masu aski da masu cajin waya, wanda yawanci wat 650 ne ƙarfinsa na aiki, ba zai ɗauke shi ba.

Amma akwai labari mai daɗi a nan. Zagaye ɗaya bai wuce minti 8 ba. Ko da fitilun suna ci gaba ɗaya ba hutawa, wat 800 na minti 8 bai fi kashi ɗaya cikin goma na yunit ɗin mita da ɗan ɗoriya ba. Injin mai cin wuta da ƙarfi ne, amma ba ya daɗewa yana ci. Saboda haka inbata mai ƙarfin 1.5 kVA da batir mai lafiya za su riƙe shi, in dai wayoyin batir masu kauri ne, domin a bolt 12 abin da zai ja ya haura amfiya 70. Ku lura, wannan dalili kaɗai ya isa ya sa mu manta da T-962A mai wat 1,500.

Kwaɓin soldar shi ma da nasa sharaɗin. Yawancin masu yinsa sun ce a ajiye shi tsakanin digiri 0 da 10, a kuma fitar da shi sa'o'i kafin amfani, a bar shi a rufe har ya huce, don kada raɓa ta kwanta a kansa ta sa ya yi tartsatsi a tanderu. Wani ya kawo shawarar tukunya cikin tukunya, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya sami lambar Rolex a 2000. Dabara ce mai kyau ga tumatir da alayyafo, amma ba ta kai sanyin digiri 10, kuma da laima ta ke aiki. Akwai kwaɓin da aka rubuta yana jure zafin ɗaki, sai dai a karanta a ga wane ɗaki a ke nufi, domin yawanci wajen digiri 25 ne. Abin da ya fi mana shi ne mu riƙa sayen ƙaramin sirinji, mu tara ayyuka, mu ƙarar da shi da wuri. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, da damina kuma laima, domin robar ƙwaƙwalwa ta kan tsotse ruwa daga iska, in ta shiga zafi farat ɗaya tururin ya fasa ta daga ciki kamar gugguru. Maganin wannan shi ne a bar kayan cikin ledarsu a rufe, wanda ya daɗe a buɗe kuma a gasa shi sa'o'i masu yawa a digiri 125 kafin liƙi.

Wace solda za mu zaɓa? Mai dalma ta fi sauƙin aiki a tanderu irin wannan, tun da a 183 ta ke narkewa, ratar kuskure ta fi faɗi. Amma mu 'yan Arewa mun san dalma. A 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Hayaƙin da ke tashi wajen liƙi na fulaks ne, yana kuma iya jawo asma, don haka dole a sa bututu ya fitar da shi waje. Ita dalmar ta hannu da baki ta ke shiga, kwaɓi kuwa ya fi waya saurin manne wa yatsa. Ɗakin nan a cikin unguwa ya ke, yara suna leƙowa, waɗansunmu a nan su ke cin ƙosai. In za mu yi aiki da ita, sai an hana ci a ɗakin, an ajiye ruwa da sabulu a ƙofa. Mai bismut tana jan hankali saboda ƙarancin zafinta, amma liƙinta yana da gautsi, kuma in ta gauraya da dalma ta kan haifar da haɗin da ke narkewa a wajen digiri 96. Fanel mafi araha da kamfanoni su ke aikowa sau da yawa da solda mai dalma aka shafe ƙafafunsa, saboda haka a duba abin da aka zaɓa wajen oda.

Yanzu mu tambayi kanmu ko akwai hanyar da ta fi araha. Akwai. Masu gyaran waya na Farm Centre a Kano da na nan Zariya suna ɗaga ƙwaƙwalwa su mayar da injin iska mai zafi kullum rana, kuma duk wanda ya tsaya ya kalle su ya san hannunsu ya fi na yawancinmu masu takarda. Injin iska ya fi dacewa da gyara, abu ɗaya bayan ɗaya. Ga sabon fanel mai kaya a fuska ɗaya, faranti mai zafi ya wadatar, har dutsen guga da aka kifar waɗansu su ke amfani da shi ga solda mai narkewa da wuri. Zafin daga ƙasa ya ke zuwa, ba ruwansa da baƙi ko fari, mutum kuma yana kallon soldar tana narkewa. Akwai masu sayen ƙaramin tanderun gasa burodi su haɗa masa na'urar sarrafa zafi da kansu, wanda shi kansa aikin shekarar ƙarshe ne mai kyau ga ɗalibi, da sharaɗin abinci ba zai sake shigarsa ba har abada. Sa'an nan su kamfanonin buga fanel suna liƙa kayan ma in an biya. Tanderu ya fi waɗannan ne a wuri biyu: fanel mai kaya gaba da baya, da kuma sa'ad da a ke son a yi guda ashirin su fito iri ɗaya.

Bisa ga haka ga shawarata. Mutum ɗaya da ke yin fanel biyu ko uku a shekara, kada ya saya. Ƙungiya irin tamu tana iya saye, amma da sanin cewa injin da ba a gama ƙerawa ba za mu karɓa, mu ne za mu ƙarasa shi, kuma a sa kuɗin salatif na Kapton da DS18B20 da sandar ƙasa da bututun hayaƙi cikin lissafi tun yanzu. Kafin duk wannan kuwa, ina neman kwamiti ya fara fitar da kuɗin abu mafi araha a jerin, watau ma'aunin zafi mai zaman kansa da tamokopul irin K guda biyu ko uku.

Shi ma ma'aunin sai mun gwada shi. A tsoma bakinsa cikin ƙanƙara mai narkewa, ya kamata ya nuna sifiri. A tsoma cikin tafasasshen ruwa, ya kamata ya nuna kusan 98, ba 100 ba, domin Zariya tana sama da teku da fiye da mita 600, ruwa kuma ya fi saurin tafasa a tudu. Gwaji na uku ya fi kusa da aikinmu: a ɗora guntun solda mai kashi 63 da 37 a kan bakin wayar, a ɗumama a hankali, lokacin da ta narke ma'aunin ya nuna 183.

Idan ya ci waɗannan, sai a manna bakin wayar a jikin tsohon fanel da Kapton, a kunna injin, mutum ɗaya yana duba agogo, wani yana karanta zafi duk daƙiƙa goma, na uku yana rubutawa. A yi a tsakiya, a yi a kusurwoyi huɗu, a zana kowane a takardar giraf kusa da layin da mai kwaɓin solda ya bayar. A yi da safe, a maimaita da azahar, a yi sau uku a jere don a ga yadda ɗumin injin ya ke sauya lissafi. Kusurwar da ta gaza tsakiya da fiye da digiri 10, a ja mata layi a jikin aljihu, kada a ƙara sa kaya a wurin. Wannan gwaji bai keɓanta ga tanderu ba, don haka ba sai mun jira jirgi ya iso ba. Akwai faranti mai zafi a wajen ɗaya daga cikin yayyenmu, ya kuma yarda ya ara mana. In ma'aunin ya samu a makon nan, ranar Asabar bayan la'asar za mu fara da shi, kuma ina bukatar mutum uku da matattun fanel na rediyo ko na caja, gwargwadon abin da kowa ya samu.